Difloma Daban, Lasisi Daban

Lokacin da nake SIWES bayan shekarata ta farko ta ND, an kai mu wayarin wani gida mai ɗaki huɗu. Muka gama tsaf, sai maigidan ya ce, "To wa zai sa hannu a takardar da zan kai wa kamfanin wuta?" Ogana ya yi shiru. Shekara goma sha biyar yana sana'ar, amma ba shi da lasisi. Dole aka kira wani mai lasisi ya gwada aikin ya sa hannu, aka yanka masa kaso daga kuɗinmu. Ranar na gane iya aiki kaɗai ba ya wadatarwa.

Ga yadda matakan suke, 'yan uwana ɗalibai. Wanda ya koya a wurin oga zai iya zana Trade Test na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga aji na 3 zuwa na 2 har na 1. Ɗan makarantar fasaha yana da NABTEB. Mu kuwa muna da ND da HND a ƙarƙashin kulawar NBTE. Duk waɗannan shaidar karatu ce. Izinin yin wayarin da sa hannu a kansa yana hannun NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta kafa, kuma sai ta jarraba mutum kafin ta ba shi. COREN kuma ita ke yi wa injiniyoyi da masu fasaha rajista.

To me ya kamata mu riƙe tun yanzu? Wutar gidajenmu volt 230 ce, tana kashe mutum. Fitilu waya mai kauri 1.5mm² ake ja musu, soket 2.5mm². Ka sa siririya a inda ake buƙatar mai kauri, za ta yi zafi, robar ta narke, gobara ke nan. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, kada a tsallake ta don rage kuɗi. Kafin ka taɓa waya, kashe wuta, sannan ka gwada da mita. Kada ka yarda da "ai an ɗauke".

Shawarata, a daina gudun wokshop. A SIWES a nemi oga mai lasisi, a cike logbuk da aikin da aka yi da gaske. Ni dai ina karɓar sakamakona zan fara haɗa takardun NEMSA, in sha Allah.