Idan Ruwa Ya Gauraya da Baƙin Man Mota Mai Sufacaja

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, musamman cikin watan Agusta lokacin da marka ke kwana tana zuba, akan sami masu motoci irin su Mercedes mai tambarin Kompressor ko Range Rover mai sufacaja sun zare gejin mai, sun tarar baƙin man ya rikiɗe ya yi fari-fari da kauri kamar kunun gyaɗa, nan take kuwa sai su yanke hukunci cewa ruwan sama ne ya yi ɓarna. La'alla hakan ne, amma hukunci ba ya inganta sai da hujja, kuma a irin wannan inji ababen tuhuma sun fi ɗaya.

Ita sufacaja na'ura ce da bel ke juyawa daga karanshaf, aikinta cusa iska cikin silinda fiye da abin da inji zai iya shaƙa da kansa, saboda haka zuƙarta tana da ƙarfi ƙwarai. Idan kuwa bakin shigar iska yana ƙasa kusa da bamba, kamar yadda yakan kasance a motocin da samari suka cire musu akwatin matatar iska na asali suka maƙala buɗaɗɗiya don neman ƙara, to, feshin tayoyi da ruwan kududdufi sun sami ƙofa. Ɗan kaɗan daga ciki yakan zama tururi ya fice ta salansa ba tare da illa ba. Mai yawa, wanda ya kashe inji ya kwanta a kan fistin, shi ne ke tsiyaya ta gefen zobba har ya sauka cikin kaskon mai. Motar da ke ajiye ma ba ta tsira ba, matuƙar robar murfin mai ta bushe, ko geji bai zauna daram ba, ko tiyon numfashin inji ya tsage, balle a ce bonet yana da tagogin iska daidai saman wurin.

Sai dai wajibi ne, kafin a ɗora wa damina laifi, a wanke sauran. Idan farin yana ƙarƙashin murfin mai kaɗai, alhali man da ke jikin geji lafiya lau yake, galibi raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye, wadda tafiya mai nisa guda ke korewa. Idan kuwa ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga inda yake ɗiga ba, zargi ya koma kan gasket ɗin kan silinda ko na'urar sanyaya mai. Akwai kuma abin da makanikai da yawa ke sha'afa da shi, wato cewa injuna irin su 5.0 na Range Rover da 3.0 TFSI na Audi suna sanyaya iskar da sufacaja ta matsa da ruwa ne, ta wasu ƙananan lagiretoci da ke ɓoye a kan hanyar iskar, waɗanda idan suka huje sukan zuba ruwansu kai tsaye zuwa silinda. A nan ne al'adar nan tamu ta cika lagireto da ruwan famfo ke cutarwa, domin ruwan sanyaya na ainihi yana da launi, kore ko ja-ja, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, wanda ya watsar da shi kuwa ya ɓatar da shaidar da za ta raba gardama.

Hanyar tahaƙiƙi ba ta da wuya. A bar mota ta kwana, da safe a sassauta notin juye a hankali a tara kwalba mai haske, tun da ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa, a duba launinsa a sansana. Sannan a sa makaniki ya matsa iska cikin hanyar ruwan sanyaya ya ga ko matsin zai sauka. In bai sauka ba, a buɗe akwatin matatar iska a taɓa, jiƙaƙƙiyar matata ko laka a ƙasan akwati ta isa dalili. In duk wannan bai nuna komai ba, a rufe bonet a kwarara ruwa da tiyo, a buɗe a bi sawunsa.

Wanda motarsa ta mutu a tsakiyar ruwa, ina yi masa nasiha da babbar murya kada ya sake murza makulli, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma fistin da ya taso ya ci karo da shi yakan lanƙwasa sandarsa nan take. A ja motar, a cire fulogogi, a juya inji har ruwan ya fice ta ramukansu, a tsane bututun iska. Daga nan a juye mai a sauya filta, a bar inji ya yi zafi sosai don ragowar danshi ya tashi, a sake juyewa karo na biyu. Kuɗin galan guda bai kai na metal da karanshaf ba. Idan bayan haka aka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ko fitilar mai tana ƙyaftawa a silo, a kashe shi a sauke kasko a duba metal kafin a ƙara ko taku ɗaya.