DARASI: Yadda Ake Ƙaura da Bayanai Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina tallafa wa manhajar Windows 10, wato ya daina aika mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta irin waɗanda ya saba aikawa kowane wata. Manhajojin Office 2016 da Office 2019 su ma tallafinsu ya ƙare a wannan rana. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi, wanda a lokacin buɗe shi aka sa iyakarsa ga ɗaiɗaikun mutane a watan Oktoba na 2026, su kuwa kamfanoni masu biyan kuɗi za su iya kaiwa 2028, amma wannan jinkiri ne kawai. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba kowace tsohuwar na'ura take karɓa ba, domin tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi.

Saboda haka 'yan kasuwa da dama sun sami kansu cikin tilascin sayen sabuwar kwamfuta, ko dai gar a kwali ko kuma 'yar kwatano daga kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja ko Banex da ke Abuja. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kuɗin na'urar ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da ke cikin tsohuwar: littafin bashi, lissafin kayan sito, takardun kwangila, rasiɗai da wasiƙun abokan ciniki. Idan na'ura ta lalace akan koma kasuwa a sayo wata. Sunayen mutanen da ake bi bashi da adadin kuɗin da ke kan kowannensu kuwa ba a sayar da su a kasuwa. Bugu da ƙari, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya adana bayanan lissafin kuɗinsa har tsawon shekara 6, don haka ɓacewarsu na iya jawo matsala da hukuma.

Abubuwa Uku da Ke Cikin Kwamfuta

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a fahimci cewa abubuwan da ke cikin kwamfuta iri uku ne, kuma kowane iri da yadda ake ƙaura da shi.

Na farko su ne fayiloli, wato wasiƙu, jadawalin lissafi na Excel, hotuna da makamantansu. Waɗannan kwafe su ake yi kai tsaye. Na biyu su ne manhajoji, kamar Office ko manhajar lissafin kuɗi. Su ba sa kwafuwa, domin a lokacin da aka girka su sun baza sassansu a wurare daban-daban cikin na'urar, dole sai an sake girka su daga tushe. Na uku su ne tsare-tsare, wato kalmomin sirri da burauza ta riƙe, adireshin shafukan da aka saba shiga, saitin imel, na firinta da na allon rubutu. Su ne aka fi mantawa da su, kuma rashinsu ne kan tsayar da aiki a ranar farko.

Mataki na Farko: Ƙididdiga

A ɗauki takarda da biro a zauna gaban tsohuwar na'ura a rubuta duk manhajojin da ake aiki da su, da lambar lasisin kowace, da sunan asusun da aka yi rajistarta da shi. A tambayi akawu da magatakarda da duk wanda ke amfani da na'urar, domin sau da yawa mai dukiya bai san rabin abin da ma'aikatansa ke dogaro da shi ba.

Sannan a bi sawun fayiloli. A Windows, yawancinsu suna cikin jakar da ake kira Users a kan faifan C, inda kowane mai amfani da na'urar yake da tasa jakar, mai ƙunshe da Documents, Desktop, Downloads da Pictures. Idan mutum uku ne ke shiga na'urar da sunayensu, to jakunkuna uku za a kwashe. Har ila yau a duba ko akwai faifan D ko E, domin masu gyara kan raba faifai gida biyu, ma'aikata kuma su riƙa ajiya a ɗaya ɓangaren. Akwai kuma ɓoyayyiyar jaka mai suna AppData, wadda ba ta bayyana sai an umarci na'ura ta nuna ɓoyayyun abubuwa, a cikinta ne wasu manhajoji ke ajiye bayanansu.

Mataki na Biyu: Zaɓen Hanya

Hanya mafi sauƙi da araha ga ɗan kasuwa a wannan ƙasa ita ce faifan ajiya na waje, wanda ake jona shi ta kafar USB. A sayi wanda girmansa ya zarce abin da za a kwashe, a kuma jona shi a kafa mai launin shuɗi idan akwai, domin ita ce yawanci USB 3.0, wadda ta ninka tsohuwar USB 2.0 sauri kusan sau 10 a ƙa'ida. Wanda zai yi amfani da filash ya lura da cewa idan tsarinta FAT32 ne, ba za ta karɓi fayil guda da ya kai gigabait 4 ba, sai an mayar da ita exFAT ko NTFS, wannan sauyi kuwa yawanci yana share duk abin da ke kanta. A guji filash mai arhar banza, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi fayiloli kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar da su a lalace.

Hanya ta biyu ita ce ajiya a intanet. OneDrive na ba da gigabait 5 kyauta, Google kuwa gigabait 15, abin da ya wuce haka sai an biya. Manhajar Windows Backup ta wannan hanya take bi: tana ajiye jakunkuna da wasu tsare-tsare a asusun Microsoft, ta dawo da su idan aka shiga sabuwar na'ura da wannan asusu. Sai dai a yi lissafi tukuna. Alal misali, wanda ke da gigabait 200, layinsa kuma yana aikawa da megabit 5 a daƙiƙa, zai shafe kimanin awa 89 kafin ya gama ɗorawa, wato fiye da kwana uku da rabi ba tare da yankewa ba, ban da kuɗin data na ɗorawa da na saukewa. Faifan waje kuwa yakan gama wannan aiki cikin 'yan awoyi. Don haka intanet ta fi dacewa da ƙananan takardu masu muhimmanci.

Waɗanda suka saba da Windows Easy Transfer a zamanin Windows 7 su sani cewa babu ita a Windows 10 da 11. Masu kwamfutar Apple kuwa suna da Migration Assistant, wadda ke kwashe fayiloli, manhajoji da tsare-tsare daga wata Mac zuwa wata.

Mataki na Uku: Kwashewa

Akwai ƙa'idoji uku da ba a karya su. Na ɗaya, a yi amfani da umarnin Copy, kada a yi amfani da Cut. Shi Cut yana cire fayil daga mazauninsa, idan faifan waje ya sami matsala daga baya, an yi biyu babu. Na biyu, kada a fara aiki sai an tabbatar da wuta, ko dai batirin laftof a cike, ko na'urar riƙe wuta ta UPS, ko janareta a kunne, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi na iya lalata faifai. Na uku, a binciki tsohuwar na'ura da manhajar kashe ƙwayoyin cuta kafin kwafi, don kada a ɗauki cuta a kai wa sabuwa.

Manhajar lissafin kuɗi tana buƙatar kulawa ta musamman. QuickBooks, Sage 50 wadda a da aka sani da Peachtree, da Tally, kowace tana da umarnin yin kwafin ajiya a cikinta, shi ya kamata a bi, bayan kowa ya fita daga manhajar. Kafin a rufe ta a buga jimillar bashin da ake bin mutane, da wanda ake bin kamfani, da ƙimar kayan da ke sito, da ragowar kuɗi a kowane asusun banki, a ajiye takardar. A kuma sani cewa da zarar sabon samfurin manhaja ya buɗe fayil ɗin kamfani ya sabunta shi, yawanci tsohon samfuri ba zai ƙara iya buɗe shi ba. Saboda haka a keɓe kwafi guda wanda ba za a taɓa ba.

Dangane da imel, wanda ke karanta Gmail ko Yahoo ta burauza ba shi da abin kwashewa, wasiƙunsa suna can wurin kamfanin. Amma ofishin da ke amfani da Outlook a tsohon tsarin da ke sauko da wasiƙu cikin na'ura, to wasiƙun shekaru suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, idan aka bar shi an bar su.

Kalmomin sirri kuwa, burauza irin su Chrome da Edge suna iya ɗaukar su tare da adireshin shafuka idan aka kunna daidaitawa da asusu. Ana kuma iya fitar da su cikin fayil, amma wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai, don haka a goge shi nan take bayan an gama. A tabbata lambar wayar da bankuna da imel ke aiko da lambar tantancewa tana hannu, domin za su ga baƙuwar na'ura su nemi shaida.

Wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tsofaffin takardun da aka buga da tsarin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, ba za su fito daidai ba a na'urar da ba ta da su, sai a ga wasu alamomi a gurbin ɓ, ɗ da ƙ. Maganin abin shi ne a kwafo su daga jakar Fonts da ke cikin jakar Windows. Don sababbin takardu kuwa, Windows tana da allon rubutun Hausa nata, ƙara shi kawai za a yi.

Mataki na Huɗu: Tantancewa

Bayan an sabunta sabuwar na'ura, an girka manhajoji daga shafukan masu su, an kuma sauko da direban firinta wanda ya dace da Windows 11, sai a zuba fayiloli. Manhajar sata da wasu masu shaguna kan cika na'ura da ita ba abin dogaro ba ce ga wanda ke shiga asusun banki.

Daga nan sai tantancewa, wadda ita ce zuciyar aikin. A danna jaka da maɓallin dama a zaɓi Properties, za a ga adadin fayiloli da girmansu, a kwatanta na tsohuwa da na sabuwa. A buɗe wasu fayiloli daga kowace shekara a ga sun buɗu. A manhajar lissafi a sake fitar da jimillolin nan huɗu a gwada su da takardar da aka buga tun farko. Idan aka sami bambancin ko da naira ɗaya, to akwai abin da ya salwanta, a koma baya a nemo shi.

Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da kullen faifai na BitLocker a kunne. Mabuɗinsa lamba ce mai alƙaluma 48, wadda yawanci take ajiye a asusun Microsoft. A buga ta a takarda a sa a wuri amintacce, domin idan na'ura ta nemi wannan lamba aka rasa, babu mai gyaran da zai iya fito da bayanan. Kada kuma a bari mai shago ya buɗe na'urar da asusunsa.

Makomar Tsohuwar Na'ura

Hausawa na cewa ba a sakin reshe a kama ganye. Kada a sayar da tsohuwar kwamfuta ko a ba da ita kyauta sai sabuwar ta yi aikin wata guda cur, ta ga biyan albashi da rufe lissafin ƙarshen wata, domin a irin wannan lokaci ne abubuwan da aka manta suke bayyana. A wannan tsakani a daina shigar da sabon aiki a tsohuwar, don kada lissafi ya rabu gida biyu.

Idan lokacin rabuwa ya yi, a fita daga dukkan asusu, a janye lasisin manhajojin da ke ba da damar haka, sannan a share faifai. Goge fayil da hannu ba ya kawar da shi, mai ɗan sani zai iya dawo da shi. A yi amfani da umarnin Reset this PC, a zaɓi cire komai tare da tsabtace faifai, ko kuma a cire faifan gaba ɗaya a riƙe. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma sunaye, lambobin waya da lambobin asusun abokan ciniki suna cikin irin waɗannan bayanai.

A ƙarshe, faifan wajen da aka yi ƙaura da shi kada a mayar da shi wurin zuba fina-finai. A ware rana guda a kowane mako a riƙa sabunta kwafin da ke kansa, a kuma ajiye shi a wani gini dabam da wanda kwamfutar take, saboda gobara da ɓarayi. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a nesa da shago.