MADUBI BA YA FAƊIN GASKIYA DUKA

Darasi domin iyali. Ku karanta Farawa 29:16-35 tare kafin ku soma.

Ƴan'uwa cikin Almasihu, akwai wani ciwo wanda ba ya kawo zazzaɓi, amma yana hana barci. Shi ne mutum ya dubi jikinsa ya ƙi shi. Wata yarinya ta ce ta cika baƙi. Wata ta ce ta rame, ba mai aurenta. Wani saurayi ya daina zuwa sujada domin shan inna ya taɓa ƙafarsa. Sau da yawa kalma ɗaya ce mafari: ba'ar tsara a bakin rijiya, ko uwa ta gwada ɗiyarta da ɗiyar maƙwabta.

Daga nan tunani yakan karkace. Mutum ya ɗauki abu ɗaya a jikinsa, ya manta da sauran duka. In ya ji dariya a kasuwa, ya ce da shi ake. In an yabe shi, ya ce ba'a ce. Ya dubi madubi, ya ga abin da zuciyarsa ta riga ta yanke.

Labarin Lai'atu

Lai'atu ta san wannan zafi. Idanunta ba su da haske, ƙanwarta Rahila kuwa kyakkyawa ce. Yakubu ya yi wa Laban bauta shekara 7 domin Rahila, aka yaudare shi aka kai masa Lai'atu. Ku lura da sunayen ƴaƴanta. Da ta haifi Ra'ubainu, ta sa rai mijinta zai so ta. Da ta haifi Saminu, maganar ƙiyayya ce a bakinta. Da ta haifi Lawi, har yanzu zuciyar miji take nema. Amma a kan na huɗu, wato Yahuza, ba ta ambaci miji ba. Yabon Ubangiji ta yi.

Allah bai sake mata idanu ba, amma ya ga wahalarta. Musa da Haruna daga zuriyar Lawi suke. Sarki Dawuda da Yesu Mai Cetonmu daga zuriyar Yahuza suke. A kogon kakanni aka binne ta, inda Yakubu ya roƙa a binne shi (Farawa 49:29-31).

Abin da ake saye a kasuwa

Masu talla sun san wannan ciwo, suna cin riba da shi. Man sa fata ta yi fari yakan ƙunshi magunguna masu ƙarfi, wani har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Da fari fuska takan yi haske. Daga baya fata ta yi laushi, ta tsattsage, ta yi baƙin tabo, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Saboda haka ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irinsa a 2015. Ƙwayoyin sa ƙiba kuma, waɗansunsu kumburi suke kawowa, da hawan jini, da ciwon suga. Kuɗin hatsi ya tafi, lafiya ta bi shi.

Launin fata ba laifi ba ne. Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan matar Musa, Bakushiya, amma Ubangiji ya husata da su (Littafin Ƙidaya 12). Annabi Sama'ila ma ya ga tsawon Eliyab ya zaci shi ne sarki. Allah ya nuna masa cewa zuciya yake dubawa (1 Sama'ila 16). Wanka da kitso da tufa mai tsabta abu ne mai kyau. Ƙin abin da Allah ya yi da hannunsa shi ne ɓata.

Me za ku yi?

Iyaye, ku tsare bakinku. Kada ku laƙaba wa yaro suna saboda jikinsa, ko da wasa. Maigida, ka yabi matarka yadda take. Ke kuma ƴar'uwa, in tunanin ya zo, ki tambayi kanki: wa ya faɗa mini haka? Gaskiya ne? Ki gaya wa matar fasto ko wata dattijuwa mai aminci. Wadda ta daɗe tana shan ƙwaya kada ta yanke rana ɗaya, ta fara ganin likita. Haka kuma wanda damuwa ta hana shi ci ko shiga mutane.

Tambayoyi

1. Me ya sake a zuciyar Lai'atu lokacin haihuwar Yahuza?
2. Wace kalma ce za mu daina faɗi a gidan nan?

Addu'a

Ya Uba, kai ka yi ni, Ɗanka kuma ya fanshe ni da jininsa. Ka gafarta mini rainin aikin hannunka. Ka koya mini in ga kaina yadda kake ganina. Cikin sunan Yesu. Amin.