Waƙa Ma Dukiya Ce, Kuma Ana Gadonta

A aikin lauya na sha zama wurin lissafin dukiyar mamaci a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ana ƙirga gona da shanu da gida, har babur da buhunan shinkafa. Amma idan mamacin makaɗi ne ko marubuci, abin da ya kwashe rayuwarsa yana ƙerawa ba ya shiga takardar ko kaɗan. Wannan yana ci mini rai, domin a idon doka waƙa da littafi dukiya ce da ake sayarwa, a bayar da aro, a kuma gada.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ta ce wanda ya ƙirƙiri aiki shi kaɗai ke da ikon kwafa shi, da wallafa shi, da gabatar da shi a bainar jama'a, da fassara shi, da juya shi zuwa wani salo, da sa shi a rediyo ko talabijin, da ɗora shi a intanet. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba da izininsa ba ya shiga haƙƙinsa. Ba sai ka yi rajista ba kafin haƙƙin ya tabbata. Sharaɗin shi ne aikin ya zama naka, kuma a adana shi a rubuce ko a ɗauki sautinsa. Makaɗanmu da ke riƙe waƙa a ka su lura da wannan sharaɗi sosai. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ba tilas ba ce, sai dai tana sauƙaƙa hujja ranar da aka je kotu.

Mu ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, duniya kuma ta san shi da sunan Maradun. Ya rasu a 1991. Doka ta ba waƙa kariya tsawon ran mai ita da ƙarin shekara 70 bayan ƙarewar shekarar da ya rasu. Ke nan baitocinsa da karin waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2061. Shi kuwa faifan da aka ɗauki murya a kai yana da nasa haƙƙin daban, na shekara 50. Saboda haka tsufan kaset bai mayar da waƙar da ke ciki ta kowa da kowa ba. Yau matasa na yanko muryoyin tsofaffin makaɗan fada, su haɗa da kiɗan kwamfuta, su zuba a YouTube da TikTok. Wasu don ƙauna suke yi, na sani. Amma ƙauna ba ta maye gurbin izini, musamman inda kuɗi ke shigowa, alhali jikokin masu waƙar ba su ga ko sisi ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta wanda aka yi wa waƙa. Mutum zai ce, "Barista, ni aka wasa, ni na ba da doki da kujerar Makka, ashe waƙar ba tawa ba ce?" A'a, Alhaji. Kyauta kyauta ce. Haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙira tun farko, kuma doka ta ce sayar da shi, ko miƙa shi ga mutum ɗaya tak, ba ya inganta sai a rubuce. Haka mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Talata: kwafin da ya saya nasa ne ya saurara, amma ikon yaɗa shi don kuɗi bai zo tare da kwafin ba.

Takardar sayar da haƙƙi kuma ita ce inda matasan mawaƙa ke faɗawa rami. Wani yaro ya taɓa kawo mini yarjejeniyar da ya sa wa hannu a ɗakin ɗaukar waƙa, ta Turanci, bai karanta ba. A layi biyu ya sallama waƙoƙinsa duka, har abada. Abin da ya rage masa shi ne wanda doka ta hana a sayar muddin yana raye: dole a ambaci sunansa, kuma ba a lalata aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Kafin ka sa hannu, a fassara maka, ka san shekara nawa ne, a ina za a yi amfani da aikin, kuma nawa ne kasonka.

Doka ta bar ƙofa ga ɗalibi mai bincike da mai sharhi da ɗan jarida su ɗauki daidai gwargwado, tare da ambaton mai aikin. Wanda aka zalunta kuwa yana iya rubuta wa kamfanin da aka ɗora aikinsa a kai ya nemi a sauke, ko ya kai ƙorafi ga Hukumar, ko ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau ya nemi diyya da umarnin dakatarwa. Ga iyalan makaɗa kuma, matakin farko shi ne su tattara kaset-kaset da faifan da ke gida, su rubuta sunan kowace waƙa, su wakilta mutum ɗaya a rubuce wanda zai riƙa ba da izini da sunan magada duka.