Mas'alar Haɗa Fomanilid: Amsa Ga Ɗalibin Da Aikinsa Ya Ƙi Daskarewa

Wani ɗalibin ilmin sinadarai ya aiko da tambaya, yana cewa ya dafa anilin da asid fomik domin ya sami fomanilid, amma maimakon fararen ƙwayoyin da littafi ya ambata, sai wani mai ja-ja ya zauna masa a gindin kwalba ya ƙi daskarewa. Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin wannan mas'ala tana da illoli uku, kowacce kuwa da maganinta.

Illa ta farko, wadda ita ce uwar sauran, ruwa ne. Idan anilin ya haɗu da asid fomik, gishiri suke fara yi, sa'an nan zafi ya raba wannan gishiri ya fitar da fomanilid da ruwa. Amma da yake al'amarin yana iya komawa da baya, muddin ruwan yana cikin kwalba, to zai riƙa warware abin da aka ƙulla, alhali asid ɗin da ake saye, mai ƙarfin kashi 85 cikin ɗari, shi ma da nasa ruwan ya zo. Saboda haka wajibi ne a fitar da ruwan tun ana dafawa. Ka auna anilin giram 9.3, da asid kimanin mililita 6, da toluwin mililita 50, ka ɗora tarkon nan na Dean da Stark, wanda waɗannan malamai biyu na Amurka suka bayyana a 1920. Toluwin yakan tashi tare da ruwa a wajen digiri 85, idan tururin ya huce ruwan ya nutse a ƙasan tarko, toluwin ya koma cikin kwalba. Kada ka sauke wuta sai ka ga ruwa ya daina taruwa, ko da hakan zai ci sa'o'i da dama.

Illa ta biyu tsufan anilin ne, domin iska da haske suna mai da shi ja har ya yi duhu, kuma wannan launi yana bin aikin har ƙarshe. Mustahabbi ne a sake tace shi ta hanyar tururi da ɗan garin zinki kafin a fara. Ka tuna kuma cewa anilin dafi ne da ke ratsa fata ya hana jini ɗaukar iskar shaƙa, asid fomik kuwa yana ƙona fata, don haka sa safar hannu da gilashin ido, da yin aiki cikin akwatin zuƙe hayaƙi, farilla ne a kanka.

Illa ta uku ita ce ragowar anilin da asid da suka saura cikin abin da aka samu. Fomanilid yana narkewa ne tsakanin digiri 46 da 48, kuma ɗan gurɓi kaɗan yana saukar da wannan ma'auni, har ya zamana a ɗakin gwaji na Kano ko Sakkwato, cikin zafin watan Afrilu, ba shi da halin daskarewa. Sai ka wanke ruwan toluwin da asid haidurokulorik mai rauni, cikin hanzari, domin ya janye anilin, sa'an nan da ruwan bikabonet domin ya kashe asid, kana sassauta murfi saboda kumfa. Ka busar da shi da sodiyam salfet, ka kore toluwin, ka tsoma kwalbar cikin ƙanƙara, kana kankare bangonta da sandar gilashi har ƙwayoyi su bayyana.

In kuwa ka kai shi na'urar NMR ka ga alamomi sun zo bibbiyu, kada ka yi zaton ƙazanta ce, domin fomanilid yana zama cikin siffofi biyu a lokaci guda, sabili da haɗin da ke tsakanin kabon da naitirojin ba ya juyawa da sauƙi. Ka auna inda yake narkewa. Idan ya dace da digiri 46 zuwa 48, aikinka ya inganta. Allah Ya ba da fahimta.