Darasin Wannan Wata: Koya wa Samari da 'Yan Mata Tsare Kansu daga Ƙanjamau

Ya ku 'yan'uwa manoma, an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu. Nan ba da daɗewa ba samarinmu na Kazaure da Roni da Gwiwa za su ɗaure kaya su tafi ci-rani, waɗansu Kano, waɗansu Legas, waɗansu kuwa su haye iyaka ta Babura zuwa Nijar. Waɗansu 'yan mata kuma za a kai su aikatau birni. Muna ba su guzurin gari da ƙuli-ƙuli. To, wane guzuri muke ba su game da lafiyar jikinsu? A karanta wannan darasi da ƙarfi a taron jam'iyya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Inda muke

A 1986 aka fara ba da labarin cutar ƙanjamau a Nijeriya, cikin waɗanda aka fara samu da ita kuwa har da yarinya 'yar shekara 13. A 2018 gwamnati ta bi gida gida ta yi babban bincike a ƙasa duka. Aka tarar mutum 14 cikin kowane 1,000 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, watau HIV. Yawan mata ya ninka na maza. A Jihar Jigawa mutum 3 ne kawai cikin 1,000, muna cikin jihohin da abin ya fi sauƙi.

Wannan abin godiya ne. Amma manomi ba ya jira sai ƙwari sun cika rumbu kafin ya yaɓe tsaga. Yaronmu da ya tafi ci-rani Kano ko Legas ya bar ƙasar mutum 3 cikin 1,000, ya shiga inda abin ya fi haka yawa.

Abin da kowane yaro ya kamata ya sani

1. Ƙwayar tana shiga jiki ta hanya uku: ta kwana da mai ɗauke da ita, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono.
2. Ta jini, watau allura ɗaya ga mutane da yawa, ko aska da reza waɗanda ba a dafa ba, ko ƙarin jinin da ba a auna ba.
3. Ba a ɗauka ta cin tuwo a akushi ɗaya, ko gaisuwa, ko cizon sauro, ko zama a benci ɗaya.
4. Ba a gane mai ita da ido. Mutum yakan yi shekaru yana noma da ƙarfinsa yana ɗauke da ita. Awo ne kaɗai ke nunawa.
5. Kame kai har aure, da amincin miji da mata waɗanda aka auna su duka biyu, su ne babban tsari. Kwaroron roba yana tsarewa ƙwarai idan an yi amfani da shi daidai kowane lokaci.
6. Wanda aka yi wa fyaɗe a kai shi asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin da ake sha kwana 28 domin hana ƙwayar kama jiki.
7. Har yanzu ba a sami maganin da ke kawar da ita ba, amma akwai mai danne ta. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta sa a riƙa ba da shi kyauta. Mai shan sa kullum yana iya tsufa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Wace irin koyarwa ce ke ci?

Ba kowane iri aka shuka yake tsirowa ba. Haka koyarwa take. Ga abin da aka gwada a ƙasashe uku na Afirka, cikin ƙauyukan manoma irin namu.

Na farko, Tanzaniya. A lardin Mwanza aka yi wani shiri mai suna MEMA kwa Vijana, aka koyar da yara a makarantun firamare shekara uku. Da aka duba, sai aka ga saninsu ya ƙaru sosai, amma yawan masu kamuwa bai ragu ba. Ashe sani shi kaɗai bai isa ba, in gida da gari ba su sāke ba.

Na biyu, Kenya. A yammacin ƙasar wajen 2004 aka shiga waɗansu makarantu aka yi wa yara magana ta minti 40. Ba a tsorata su ba. An nuna musu lissafi ne cewa magidanta sun fi samari tsaransu ɗauke da cutar nesa ba kusa ba, saboda haka mai kuɗin da ke ba yarinya kyauta shi ne ya fi haɗari. Bayan shekara guda, ɗaukar ciki a tsakanin 'yan matan ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. Makarantun da aka tsaya ga gargaɗi kawai, ba a ga irin wannan canji ba.

Na uku, Malawi. A gundumar Zomba daga 2008 aka riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata. Bayan wata 18 aka auna jininsu. Cikin waɗanda aka ba kuɗin, 12 cikin 1,000 ne ke da ƙwayar. Cikin waɗanda ba a ba su ba, 30 ne. Yarinyar da ke da kuɗin sabulu da littafi ba ta miƙa hannu ga namiji.

To, ga abin da muka koya. A faɗa wa yaro gaskiya filla-filla. A nuna masa daidai inda ramin yake. A kuma rage masa talaucin da ke tura shi ciki. Waɗansu iyaye suna tsoron cewa irin wannan magana tana buɗe wa yaro ido. Hukumar UNESCO ta tattara bincike mai yawa a 2009, ta sāke a 2018, ta tarar ba haka ba ne: yaran da aka koya musu da kyau ba su rigan sauran fara neman juna, da yawa ma sukan jinkirta.

Wa zai yi maganar?

Mun san kunya tamu. Uba ba ya iya wannan zance da ɗansa, balle ɗan fari. Amma akwai kawu da goggo, akwai kaka wadda ke wasa da jikokinta, ba abin da ba ta iya faɗa. A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙe asiri. A raba maza da mata. A yi zama huɗu ko biyar, kada a tsaya ga ɗaya. A sa yaran su yi wasan kwaikwayo: yarinya mai talla a tashar mota, direba ya ce zai saye kayanta duka in ta bi shi ɗaki, me za ta ce masa? Wadda ta taɓa furta amsar da bakinta a gaban ƙawayenta, ranar da abin ya zo ba za ta daburce ba.

Tun 2003 gwamnati ta amince da darasin zaman iyali da ƙanjamau domin makarantu. Ku je ku tambayi hedimasta ko ana koyar da shi.

Aikin jam'iyya

1. Kowane mamba ya ba da tiya ɗaya ta hatsi a asusun makaranta, domin kada yarinya ta bar aji saboda riga ko kuɗin jarrabawa.
2. A hana tallan dare a tasha da bakin hanyar Kano zuwa Daura.
3. Lokacin sanyi da ake kaciya, a saya wa wanzami sabuwar reza domin kowane yaro.
4. A gayyaci malamin asibiti ya zo taro kafin tafiya ci-rani. Shugabanni su fara miƙa hannu a auna su.
5. Mai dawowa daga ci-rani ya je awo, ya sāke bayan wata uku. Masu shirin aure su je tare.
6. Kada a ware mai cutar daga gayya ko adashi. Dokar 2014 ta hana nuna masa bambanci. Inda ake tsangwama, ba wanda zai yarda a auna shi.

Tambayoyi

1. Yara nawa daga ƙauyenmu za su tafi ci-rani ko aikatau bana? Wa ya yi musu magana?
2. 'Yan mata nawa suka bar makaranta bara, don me?
3. In ɗan wani mamba ya dawo da cutar, me za mu yi masa?

Magatakarda ya rubuta sunayen mutum biyun da aka zaɓa da ranar zama na farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.