Ɗan kasuwar yadi da ya fara ganin bakteriya

Antonie van Leeuwenhoek bai yi jami'a ba. Yadi yake sayarwa a garin Delft na ƙasar Holan, amma ya ƙware wajen haɗa gilashin ƙara girma, ƙarami kamar ƙwayar gero. Sirrin yana cikin ƙanƙantar: ƙaramin gilashi mai siffar ƙwallo ya fi lanƙwasa haske, shi ya sa nasa ke ƙara girman abu fiye da sau 200. Wannan ƙa'idar ce ke aiki a ɗan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya don ɗaukar ƙananan abubuwa.

A 1676 ya jiƙa masoro, ya duba ruwan, sai ga halittu birjik suna motsi. Ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, amma suka yi tababa, musamman da yake yana ɓoye dabararsa. Sai a 1677 Robert Hooke ya maimaita gwajin, ya gani da idonsa, sannan aka yarda.

An ƙara kusan shekara 200 kafin Louis Pasteur da Robert Koch su tabbatar cewa wasu daga cikin halittun nan su ke haddasa cututtuka.